Kafin ka sayar da wannan HP ɗin, saurari wannan

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na ji muryarka tun da safe, ina kan Keke daga Kawo zuwa cikin gari, ga ƙara, shi ya sa sai yanzu. Ka ce kwamfutarka ta tafi-da-gidanka, HP EliteBook 8470p, ta yi nauyi, in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, kana tunanin sayarwa ka ƙara kuɗi ka ɗauko wata. To ni dai ina ganin ka dakata tukuna.

Matsalar ba furosesa ba ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Had-dis ɗin ne, ma'ajiyar bayanan kwamfutar. Wanda ke ciki irin mai faifan nan ne da ke juyawa, da ƙyar yake karanta megabait 100 a daƙiƙa, kuma ga tsufa. SSD, ma'ajiyar zamani da ke maye gurbin had-dis, irin ta SATA mai inci 2.5, tana kaiwa wajen 500, kuma babu abin da ke motsi a cikinta. Ita za ka fara saya, ko 256GB ma ta ishe ka. Wallahi ranar da na sa wa tawa, na ɗauka canja min kwamfuta aka yi.

Kuma wannan samfurin bai da wahala. Ka cire caja, ka cire batir, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci ragowar wuta ta fita. Ka kifa ta, ka zame makullin, murfin ƙasa zai fito gaba ɗaya. Notin da ka kwance ka zuba a murfin kwalba, don in ɗaya ya faɗa kan tabarma shi ke nan, sai dai a yi haƙuri. Tsohon had-dis ɗin kada ka yar, ka saya masa gida, ɗan akwatin da ake jonawa da USB, ya zama na ajiyar hotuna. Amma ka kwashe takardunka a filash tukuna, don Allah.

Sai ram, wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi. Gurbi biyu gare ta, nau'in ram na DDR3 take ci, tana ɗaukar har 16GB, amma 8 ma ya wadatar da kai. Ka duba Windows ɗinka 64-bit ce, don 32-bit ba ta amfani da abin da ya wuce 4GB, kuɗinka ne zai tafi a banza. A wajen nau'in ram ne ni na sha kashi: na sayi DDR3 ta gama-gari na sa a wata kwamfuta mai furosesa ƙarni na 4, ashe DDR3L take so, mai cin ƙarancin wuta, 1.35V. Na kunna, allo baƙi ƙirin. Mai shagon ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Don haka ka ɗauki kwamfutar ka je da ita, a gwada a gabanka, sannan ka biya.

Zafin da ka ce tana yi kuwa, ƙurar hunturun Kaduna ce ta toshe fankar. In ka buɗe za ka ga kamar auduga ta kwanta a bakin raga. Tsohon burushin goge baki ya isa, ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Abu ɗaya dai zan gaya maka gaskiya: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga furosesa ƙarni na 8 take farawa, taka kuwa ƙarni na 3 ce. Idan aikin buga takardu da intanet ne kawai, ka gwada Linux Mint, manhajar da ake sawa a madadin Windows, kyauta ce.

In ka sayo kayan ka biyo ta Tudun Wada bayan La'asar ranar Asabar, ina da ƙaramin sukundireban. Ka gaida min Hajiya.