Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya a kan fyaucewa

Salama 'yar'uwa. Tambayarki ta sosa mini rai, domin wannan tsoron na san shi, kuma da yawa a cikinmu da shi muka tashi. Kin ce a majami'ar da kika girma an koya miki za a fyauce masu bi, wato a ɗauke su zuwa sama a ɓoye, kafin babban tsanani na shekara bakwai a ƙarshen zamani, yanzu aure ya kai ki majami'ar Lutheran ta maigidanki, faston can kuma ya ce babu wata fyaucewa ta ɓoye. Ga ɗiyarki mai shekara 13 ta ga wani bidiyo a TikTok ta daina barci, tana tsoron a tafi a bar ta. Kina so ki san wa ke da gaskiya, da ko canjin majami'a zai sa a bar ki.

Na fara da na ƙarshen. Ba za a bar ki saboda majami'a ba. Fastocin nan biyu duk sun gaskata Yesu zai dawo a jiki, matattu za su tashi, za a yi shari'a, za mu kasance tare da shi har abada. Inda suka rabu shi ne jerin abubuwan, wanne ke gaba wanne ke baya. Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara tsarawa a shekara ta 325 aka kammala a 381, cewa kawai ta yi zai sake zuwa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Ba ta ce uffan a kan shekara bakwai ba.

Abin da kika taso da shi ga yadda aka gina shi, don ki iya bin sawunsa da kanki. Daniyel 9:24-27 ya yi maganar bakwai har saba'in, wato shekara 490. Suna cewa 69 daga ciki, shekara 483, sun cika a zuwan Almasihu na fari, sai lissafin ya tsaya saboda zamanin ikilisiya, saura bakwai na ƙarshe yana nan gaba. Shi ne tsananin shekara bakwai. Suna raba shi gida biyu da wata 42 da kwana 1,260 da ke Wahayin Yahaya 11:2-3 da 13:5, kowanne shekara uku da rabi in an ƙirga wata da kwana 30. Sai su ce tunda 1 Tasalonikawa 5:9 ta ce Allah bai ƙaddara mu ga fushi ba, Wahayi 3:10 kuma ta yi alkawarin tsarewa daga lokacin gwaji, to dole a ɗauke ikilisiya tukuna. Suna ƙarawa da Yahaya 14:1-3, da cewa bayan sura ta 3 ta Wahayi ba a sake ambaton ikilisiya ba sai 22:16. Ba hujjar banza ba ce, mutanen kirki masu ilimi suna riƙe da ita. Ita ce ta fi yawa a ECWA da Assemblies of God da Deeper Life.

Sai dai abin da ba a faɗa mana a makarantar Lahadi shi ne wannan tsari bai daɗe ba. John Nelson Darby, wani malamin Ikilisiyar Ailan da ya fita ya zama jigon 'yan Plymouth Brethren, shi ya harhaɗa shi wajajen 1830. Daga 1862 ya yi ta zuwa Amurka da Kanada yana koyarwa. A 1909 C. I. Scofield ya fitar da Littafi Mai Tsarki mai sharhi a gindin kowane shafi, sharhin kuwa na wannan ra'ayi ne, sai mutane suka riƙa karanta sharhin kamar shi ma aya ne. Daga nan ya shiga makarantun horar da masu bishara, 'yan mishan da yawa da suka zo ƙasarmu kuma a irin makarantun nan suka yi karatu. Sabon abu ba lalle ƙarya ba ne. Amma duk wanda ya ce miki wanda bai yarda da shi ba ya bar bangaskiya, to ya kori Agustin da Luther da Calvin da Wesley a lokaci guda.

Faston maigidanki kuwa, ina kyautata zaton ga inda ya tsaya. Zai buɗe Matiyu 24:29-31 ya nuna miki cewa bayan tsananin kwanakin nan ne Ɗan Mutum zai bayyana, a busa ƙaho, mala'iku su tattara zaɓaɓɓu. Bayan, ba kafin ba. Zai kai ki 2 Tasalonikawa 2:1-4 inda Bulus ya haɗa zuwan Ubangiji da tattaruwarmu gare shi, ya ce ranar ba za ta zo ba sai an yi tawaye, mugun mutumin nan ya bayyana. Zai ce ki dubi 1 Tasalonikawa 4:16 ɗin kanta: kira mai ƙarfi, muryar babban mala'ika, ƙahon Allah. Ina ɓoyon yake a nan? Taryar Ubangiji a sararin sama kuma, a wurinsu, irin taryar sarki ce. Jama'a su fita bayan gari su tarye shi, sa'an nan su juyo tare da shi zuwa cikin gari, ba su wuce da shi wani wuri ba. Haka 'yan'uwa na Roma suka fito suka taryi Bulus a Ayyukan Manzanni 28:15 suka shiga birni da shi. Ko ayar nan ta a ɗauki ɗaya a bar ɗaya, Matiyu 24:37-41, in kin karanta daga sama za ki ga misalin zamanin Nuhu ne, waɗanda ruwa ya kwashe su ne suka hallaka, Nuhu ne aka bari. Har wasu malaman ɓangaren Darby sun yarda wannan ayar ba ta fyaucewa ba ce.

Maganar mulkin Almasihu na shekara dubu ma a wuri ɗaya take, Wahayi 20:2-7, an ambace ta sau shida. Lutheran da Katolika da majami'un Reformed irin su CRCN da NKST sun bi Agustin, sun ce misali ne na mulkin da Almasihu yake yi yanzu, daga tashinsa zuwa dawowarsa. Shaidar Augsburg ta 1530, sashe na 17 mai maganar dawowar Almasihu, ita ce madogarar majami'arku ta yanzu, ki roƙi fasto ya nuna miki. Akwai kuma waɗanda suka yarda da shekara dubu ta zahiri amma suka ce ikilisiya za ta ratsa tsananin tukuna, wannan ya fi kusa da abin da Justin da Ireniyus suka rubuta a ƙarni na biyu. Wasu sun ce tsakiyar shekara bakwai ɗin, a ƙaho na bakwai na Wahayi 11:15, suna haɗa shi da ƙaho na ƙarshe na 1 Korintiyawa 15:52. Wasu sun ce yawancin Matiyu 24 ya cika a shekara ta 70 da Titus, shugaban sojojin Roma, ya rushe Haikalin Urushalima. Ni dai a ganina dawowa ɗaya a fili ta fi dacewa da ayoyin in an karanta su a jere, amma ba zan ƙi cin Jibin Ubangiji da kowa ba a kan haka.

Waɗanda nake fushi da su ba waɗannan ba ne. Masu sa ranar dawowar Yesu ne. Su ne suka hana ɗiyarki barci, kuma su ne suka cuci tsararmu gaba ɗaya, ba su taɓa biyan ko sisi na ɓarnar da suka yi ba. William Miller a Amurka ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru, ya fara ƙirga daga 457 kafin haihuwar Almasihu, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Wasu ko amfanin gona ba su girbe ba. Gari ya waye. Edgar Whisenant ya ce tsakanin 11 da 13 ga Satumba 1988, lokacin da mutane ke ƙara shekara 40 a kan kafuwar Isra'ila a 1948. Da ta wuce sai ya matsa zuwa 1989. A Koriya ta Kudu Lee Jang Rim ya ce 28 ga Oktoba 1992, mutane suka bar aiki suka sayar da gidaje suka kai masa kuɗin, ashe shi yana riƙe da takardun jari da ba za su nuna ba sai 1993. Ki ji fa. Mai cewa duniya ta ƙare a Oktoba yana jiran riba a shekara mai zuwa. Kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara biyu. Harold Camping na Family Radio ya fara da 1994, ya dawo ya ce 21 ga Mayu 2011, wai shekara 7,000 daga ruwan tsufana da shi da kansa ya sa wa shekara 4990 kafin Almasihu. Wani ɗan fansho a New York ya zuba dala 140,000 a talla. Da ranar ta wuce Camping ya ce ai ta faru a ruhaniya, a jira 21 ga Oktoba. Sai a 2012 ya yarda ya yi zunubi. Wa ya mayar wa mutane kuɗinsu? Wa ya mayar da bangaskiyar yaran da suka ga iyayensu sun zama abin dariya a unguwa?

Kuma kada ki ce na Turawa ne. A Yuli 2022 'yan sanda suka fito da mutum 77, har da yara, daga ɗakin ƙarƙashin wata majami'a a garin Ondo, suna jiran fyaucewa, an raba wasu yaran da makaranta da iyayensu. A Kanungu ta Yuganda, Maris 2000, bayan ƙarshen duniyar da aka yi musu alkawari bai zo ba, sama da mutum 700 suka mutu. A dajin Shakahola na Kenya a 2023 an tono gawa fiye da 400, mutanen da aka ce su yi azumi har su ga Yesu. Ko wancan na 23 da 24 ga Satumba 2025 da ya cika TikTok daga Afirka ta Kudu, yau ina labarinsa? Da yawansu hanya ɗaya suke bi: su zaɓi wata lamba a Daniyel ko Wahayi, su mai da kwana shekara, su zaɓi mafarin da zai sa lissafin ya faɗo a zamaninsu, in ya ƙi su ce kalandar ce ta yi kuskure. Alhali Markus 13:32 da Ayyukan Manzanni 1:7 sun rufe ƙofar nan ruf. Kubawar Shari'a 18:22 kuma ta faɗi abin da za a yi da annabin da maganarsa ba ta cika ba: kada a ji tsoronsa.

Haka batun alamar dabba. An ce lambar da ke jikin kayan kanti ce, an ce katin ATM, an ce BVN, an ce NIN, an ce 5G, an ce rigakafin korona. A Wahayi 13 alamar tana tafe da yi wa dabbar sujada, mutum yana sane. Ba a ɗaukarta a kan layin banki bisa kuskure.

Wani abu kuma da ke ci mini rai, ko da ba ki tambaya ba. Yadda wasu ke wa'azin fyaucewa sai ka ɗauka mai bi ba zai sha wuya ba. A je a faɗa wa 'yan'uwanmu na EYN haka, waɗanda aka fatattaka daga Gwoza da Michika, aka ci hedkwatarsu a Kwarhi a Oktoba 2014. Malaman kirki na ɓangaren fyaucewa kafin tsanani suna bambanta fushin Allah da tsanantawar mutane, sun san Yahaya 16:33. Amma abin da ke isowa kunnen talaka a benci shi ne za mu tsere, sai wuta ta zo ya ce Allah ya yashe shi.

To, yarinyar. Ki karɓi wayar da dare, aƙalla na 'yan makonni, ki shiga TikTok ɗin ki danna alamar ba ki son irin bidiyon, domin manhajar tana ƙara turo abin da mutum ya tsaya ya kalla. Kada ki ce mata shirme ne, tsoronta na gaske ne. Ki zauna da ita ku karanta 1 Tasalonikawa 4:13 har zuwa 5:11 a zama ɗaya, da murya, ba aya ɗaya ba. Ki tambaye ta wa Bulus yake rubuta wa. Za ta ga masu makoki ne, suna tsoron 'yan'uwansu da suka mutu sun yi hasarar zuwan Ubangiji, shi kuma ya rufe da cewa su ta'azantar da juna da maganar, a 4:18, ya sake faɗa a 5:11. Washegari Yahaya 10:27-29, sai Romawa 8:31-39. Yawanci ainihin tambayar yaro ba jadawalin ƙarshen zamani ba ce, tambayarsa ita ce in na yi ƙarya da safe aka busa ƙaho da rana fa? Ki amsa wannan kai tsaye da 1 Yahaya 1:9 da 2:1. In bayan wata guda har yanzu ba ta barci, ko ta daina cin abinci, ko tana ta maimaita addu'ar tuba sau da yawa a rana ba ta samun natsuwa, ku ga likita tare da fasto, ba fasto kaɗai ba.

Kada ku yi gardamar nan da maigida a gabanta. Kuma kada ki kai maganar zumuntar mata a matsayin wa ya fi wa, za ta zama faɗan majami'u. Ki nemi faston ya ba ki lokaci ke da maigida, ki zo da Wahayi 3:10 da 1 Tasalonikawa 5:9 ki ce ya bayyana miki yadda yake fahimtarsu. In kin je gida ganin iyaye ki kai wa tsohon fastonki Matiyu 24:29-31 da 2 Tasalonikawa 2:3. Kowanne ki ba shi ayar da ta fi masa wuya, ki lura da wanda zai buɗe Littafin da wanda zai hau faɗa.

In kuma wani ya turo miki sabuwar rana a WhatsApp, ki duba ƙasan saƙon ko akwai lambar asusu, ki duba ko yana cewa a bar makaranta ko aiki ko dangi. Ki tura masa 2 Tasalonikawa 3:10-12, ki toshe lambar. Kuɗin makarantar yarinyar na zangon gaba kuma ki biya shi a kan lokaci.