Godiyar kaka ba daga Amurka muka ɗauko ta ba

Salama, 'yar'uwa. Kin tambaya ko godiyar kaka da muke yi a coci kwaikwayon Thanksgiving ne, wato bikin godiya na Amurkawa, kuma ko ya dace a yi ta a shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Na daɗe cikin kwamitin godiya na ikilisiyarmu, bari in faɗi abin da na sani.

Na Amurka ana danganta shi da Turawan Ingila da suka sauka Plymouth, a gaɓar Amurka ta yanzu, a 1620 cikin jirgin Mayflower. Su kusan 100 ne, sanyin farko ya kashe wajen rabinsu. 'Yan ƙasa, kabilar Wampanoag, su suka koya musu noman masara. Da kaka ta zo a 1621 suka yi kwana 3 ana ci tare, sarkinsu Massasoit ya zo da mutum 90, har da barewa 5. Amma bai zama hutun ƙasa na kowace shekara ba sai 1863, da shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya yi shela, ana tsakiyar yaƙin basasa. A 1941 majalisa ta tsayar da shi Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Kin ga masu makoki ne suka fara shi, ƙasar da ke cikin yaƙi ta tabbatar da shi, to ƙarancin ruwan bana ba hujjar fasawa ba ne.

Tamu ta fi kama da ta cocin Ingila, inda wani limami, Robert Hawker, ya kira mutanensa sujadar godiyar girbi a 1843. Tushen duka kuwa Tsohon Alkawari ne: nunan fari da Idin Bukkoki, a Littafin Firistoci sura 23.

Aya ta 22 ta wannan surar ce ba a cika karantawa ranar godiya ba. Cewa aka yi kada a girbe gona har gefenta, kada a yi kala, a bar wa matalauci da baƙo. Mu kuwa sai a jibge dammunan dawa, buhunan masara, doya da kaji gaban bagade, zumuntar mata su shigo da rawa, a tashi a yi gwanjo, masu hali su yi ta ɗaga farashi ana tafi. Gwauruwar da ta kawo mudu ɗaya na gero ta koma gida hannu wofi, da kunya a kai. Wannan ya daɗe yana damuna, ko da yake kuɗin gwanjon ne ya yi mana rufin kwano.

Abin da muka koma yi shi ne, kafin a fara gwanjo dattawa su ware kaso na gwauraye da marayu, a kai musu gida da yamma ba tare da kiran suna ba. An kuma daina sanar da wanda ya kawo me. Masu son a ji sunansu sun yi gunaguni shekarar farko, amma hatsin da ake kawowa bai ragu ba. Ku gwada kai wa fastonku wannan shawarar tun kafin a sa rana.