Kun Tambaya: Me ya sa Amurkawa suka ƙi yarda da gwamnatinsu kan takardun Epstein?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina jin labarin wani attajirin Amurka mai suna Jeffrey Epstein, wanda aka zarga da safarar ƙananan 'yan mata domin lalata da su. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin ya mutu tun 2019, hukuma ta ce kashe kansa ya yi, ta kuma fitar da takardun bincike, amma har yanzu ƙurar ba ta lafa ba. Shin gwamnatin ce take rufa-rufa, ko kuwa mutane ne kawai suke da son jita-jita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Jita-jita kam akwai ta, kuma da yawa daga cikinta ba ta da tushe, amma a ganina wanda ya ɗora laifin duka a kan jama'a bai yi musu adalci ba, domin rashin yardar ta samo asali ne daga abubuwan da suka faru a zahiri, waɗanda suke rubuce a kundin kotu.

Tun a 2005 'yan sandan Palm Beach a jihar Florida suka fara bincike, bayan iyayen wata yarinya 'yar shekara 14 sun kai ƙara, kuma kafin a jima sai aka gano cewa ba ita kaɗai ba ce. Hukumar FBI ta shiga maganar, aka tara hujjojin da za su iya kai shi gidan yari na shekaru masu yawa. Maimakon a gurfanar da shi a kotun tarayya, sai ofishin mai gabatar da ƙara na yankin, ƙarƙashin Alexander Acosta, ya ƙulla yarjejeniya da lauyoyinsa a 2007 cewa ba za a tuhume shi a matakin tarayya ba, kuma kariyar ta haɗa har da waɗanda ake zargin sun taimaka masa. A 2008 ya amsa laifuffuka biyu masu sauƙi a kotun jiha, aka yanke masa wata 18, ya yi kimanin wata 13, kuma a cikin wannan zaman an riƙa barin sa ya fita zuwa ofishinsa har tsawon sa'a 12 a rana, kwana shida a mako. Abin da ya fi muni shi ne an ɓoye wa 'yan matan wannan yarjejeniya, har sai a Fabrairun 2019 wani alƙalin tarayya ya yanke cewa masu gabatar da ƙarar sun saɓa wa dokar kare haƙƙin waɗanda aka zalunta. Ba hukuma ce ta tono wannan ba don raɗin kanta. Matan ne suka ƙi yin shiru, sannan 'yar jarida Julie K. Brown ta jaridar Miami Herald ta bi diddigin labarin a 2018. Acosta, wanda a lokacin ya riga ya zama sakataren ƙwadago, ya sauka daga muƙaminsa a Yulin 2019.

To, Malama, mutanen da suka ga an yi wa mai kuɗi irin wannan gata a asirce, yaya za su ɗauki labarin mutuwarsa? An sake kama shi ranar 6 ga Yulin 2019, aka tsare shi a wani gidan yarin tarayya a birnin New York, sai ga shi ranar 10 ga Agusta an tsinci gawarsa. Likitan hukuma ya ce rataye kansa ya yi, kuma rahoton babban mai binciken cikin gida na Ma'aikatar Shari'a, wanda ya fito a 2023, bai sami hujjar da ta saɓa wa haka ba. Sai dai wannan rahoton da kansa ya tabbatar da cewa an ɗauke abokin zamansa ba a kawo wani ba, masu gadi biyu sun yi barci sannan suka rubuta ƙarya a littafin sintiri, kuma wasu kyamarorin ba su naɗi komai ba. Ni dai na fi karkata ga cewa sakaci ne, domin gidan yarin ya daɗe da lalacewa har aka rufe shi a 2021, amma ba zan ga laifin wanda ya ce biri ya yi kama da mutum ba.

Daga baya sai 'yan siyasa suka ƙara dagula lamarin da bakinsu. A Fabrairun 2025 babbar lauyar gwamnati Pam Bondi, da aka tambaye ta a talabijin game da jerin sunayen abokan hulɗar Epstein, ta ba da amsar da kowa ya fahimta da cewa jerin yana kan teburinta. Wata biyar bayan haka, ma'aikatarta da FBI suka fitar da gajeriyar sanarwa cewa babu wani jeri, kuma ba za a ƙara fitar da komai ba. Bidiyon gidan yarin da aka saki domin kwantar da hankali, sai aka ga minti guda ya ɓace daga cikinsa. Daga baya mintin ya bayyana kuma ba a ga wani abin mamaki a ciki ba, amma kafin nan ɓarnar ta riga ta auku. Fushin ya haɗa magoya bayan manyan jam'iyyun Amurka biyu, Republican da Democrat, har Majalisar Wakilai ta amince da dokar tilasta fitar da takardun da ƙuri'a 427, mutum ɗaya tak ya ƙi, Shugaba Trump kuma ya sa hannu a Nuwamban 2025 bayan ya daɗe yana sukar yunƙurin.

Ya kamata a faɗi cewa ba kowane ɓoyo ne rufa-rufa ba. Ma'aikatar Shari'a ta ce waɗanda aka cutar sun haura 1,000, kuma sunayensu da hotunansu ba abin bajewa a intanet ba ne. Dokar ta yarda a sakaya su, ta kuma yarda a riƙe abin da zai ɓata binciken da ake kan yi, amma ta hana a ɓoye takarda don kawai za ta kunyata wani babba ko ta zubar masa da mutunci. Abin dubawa ke nan a kowane shafi da aka shafe da baƙar tawada: wa ake karewa? A nan ma hukuma ta gaza, domin wa'adin kwana 30 da dokar ta bayar ya cika a Disamba an fitar da kaɗan ne kawai daga cikin takardun, sai a ƙarshen Janairun 2026 aka saki shafuka kimanin miliyan 3, kuma lauyoyin matan suka koka cewa an bar sunayen wasu daga cikinsu a fili.

Tambaya: Malam, ina ganin ana yaɗa sunayen manyan mutane ana cewa suna cikin takardun. Shin duk wanda sunansa ya fito mai laifi ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a, Malam, kuma ina roƙon ka da ka yi hattara kafin ka tura irin waɗannan saƙonni. Takardun sun ƙunshi littafin lambobin waya, rajistar fasinjojin jirginsa, wasiƙu, da ƙorafe-ƙorafen da mutane suka kai wa FBI waɗanda ba a tantance ba, don haka sunan ma'aikaci, da na shaida, da na wanda aka ambata a hira kawai, duk suna iya fitowa. Bill Clinton da Donald Trump sun yi hulɗa da shi a baya, dukansu sun musanta sanin laifuffukansa, kuma ba a tuhumi ko ɗayansu ba. Andrew, ƙanin Sarki Charles na Ingila, ya sasanta da Virginia Giuffre, ɗaya daga cikin matan da ke zargin Epstein, wadda ta zargi shi ma Andrew da lalata da ita, a wajen kotu a 2022 ba tare da amsa laifi ba, sannan aka tuɓe masa sarautunsa a 2025. Bankin JPMorgan, inda Epstein ya yi ajiyar kuɗinsa, ya biya matan dala miliyan 290 a 2023, shi ma ba tare da amsa laifi ba. A kotunan tarayyar Amurka kuwa, wadda aka kama da laifin wannan safara ita ce Ghislaine Maxwell, tsohuwar budurwar Epstein kuma abokiyar hulɗarsa, wadda aka yanke wa shekara 20 a 2022, kuma a 2025, kwanaki kaɗan bayan ta gana da mataimakin babbar lauyar gwamnati, aka mayar da ita wani gidan yari mai sassaucin tsaro a jihar Texas, lamarin da matan suka yi tir da shi.