Amsa: lagireton Corolla ya tsage, zan iya canjawa a gida?

Malam, ka ce robar saman lagiretonka ta tsage, ka liƙe da gam har sau biyu amma ruwa bai daina zuba ba. Bar batun gam ɗin nan. Ni ma na gwada, a Kwangila mota ta tafasa min da tsakar rana. Robar da zafi ya ci ba ta riƙe liƙi.

A gida za ka iya. Ka bari inji ya huce sarai, da sassafe ya fi, don murfin lagireton in ka buɗe shi da zafi zai watsa maka tafasasshen ruwa a fuska. Cire kan batir, ka tara roba a ƙasa ka tsiyaye ruwan. Kada ka bar shi a tsakar gida, yana da zaƙi kuma guba ne, awaki za su sha. Sai ka zare tiyon sama da na ƙasa da wayar fanka, ƙusoshin da ke riƙe da lagireton yawanci sifana mai lamba 10 ce ke kwance su. In motar otomatik ce, akwai ƙananan tiyo biyu na man giya a ƙasa, ka toshe bakinsu.

Ɗauki tsohon ka tafi da shi Sabon Gari a gwada da sabon, har da murfi.

Bayan ka ɗaura sabon ka mayar da komai yadda yake, inda mutane ke kuskure shi ne wajen cikawa. Ruwan rijiya tsatsa yake kawowa, sayi kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa don lagireto. Zuba a hankali, ka tayar da mota murfi a buɗe har fanka ta tashi, kumfar iska ta gama fita, sannan ka ƙara. Washegari ka sake leƙawa kafin ka kunna.