Amsa ga mai tambaya kan makirfon fensir na naɗar kiɗa da murya

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce kana da ɗan ɗaki a Mabera da kake son naɗar gurmi da kalangu da mawaƙi ɗaya, wani lokaci har da 'yan amshi, kuɗin hannunka ba su da yawa, kuma mai shago ya ce ka ɗauki siraran makirfon nan masu kamar fensir guda biyu maimakon babba ɗaya. Shawararsa tana kan hanya, sai dai akwai abubuwan da bai gaya maka ba.

Abin da ya raba su da manyan shi ne tantanin da ke cikin kansu. Na fensir faɗinsa wajen rabin inci ne, milimita 12 ko kusa da haka, na babban kuwa inci ɗaya, kuma duka biyun irin makirfon da ake kira kondensa ne. Ƙaramin tantani ba shi da nauyi, da sauti ya taɓa shi yake motsawa. Shi ya sa yake fito da ƙarar tsarkiyar gurmi da saukar makaɗi a fatar kalangu tsaf, kuma sautin da ya zo masa ta gefe ba ya gurɓata sosai. Aibinsa biyu ne: ya fi babban yin shuu na kansa, kuma iskar baki tana rikita shi da wuri. Wato don kayan kiɗa aka fi yin sa, murya kuwa sai da dabara.

Kafin ka taɓa kuɗin makirfo, duba abin da za ka jona su. Kondensa irin wannan ba ya aiki sai da wutar da ake kira fantom, galibi mai volt 48, wadda ke zuwa masa daga na'urar da aka jona shi ta wayar XLR mai ƙafa uku. Ƙaramin saun kad ɗin V8 da ake yin bidiyon waya da shi ba don wannan aka yi shi ba. Kana buƙatar saun kad, wato akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta, mai ramin XLR biyu, kamar Behringer UMC202HD ko Focusrite Scarlett 2i2. Scarlett Solo ramin makirfo ɗaya gare shi, kada ka saye shi kana da makirfo biyu. In za ka riƙa fita naɗa a gidan makaɗi ko wurin biki, na'urar naɗa ta hannu Zoom H5 tana ba da volt 48 da batir. Wayar jonawa kuma ta zama XLR kai da gindi. Da yawa sukan sayi mai XLR a gefe ɗaya da jak a ɗaya gefen, su jona, su ji shiru, su ce makirfo ya zo a mace, alhali wutar fantom ce ba ta bi ta ramin jak. Ƙa'idar jonawa: ka mayar da maɓallin Gain, na ƙarfin sautin da ke shiga, ƙasa, ka jona wayar, sannan ka kunna maɓallin 48V na wutar fantom. In za ka cire, ka kashe, ka jira kamar daƙiƙa goma.

Cikin masu araha, Behringer C-2 ne a ƙasa. Biyu ne a akwati ɗaya da ƙarfen ɗora su tare, kowanne da ɗan makunni na rage kaurin sauti ko rage ƙarfi da dB 10. Ga ganga da mandiri ya wadatar, amma a kan goge ko sarewa yakan yi kaifi, kuma shuu ɗinsa yana fitowa in abin kiɗan ba shi da ƙarfi. Samson C02 yana kusa da shi. In kuɗin sun kai, Rode M5 nake ba ka shawara: ana haɗa biyun su yi daidai tun daga masana'anta, ƙarar kansu, wato shuu ɗin da suke yi, dBA 19 ce, ba su da wani makunni da zai lalace. Yayansa NT5 dBA 16 ne, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Akwai kuma sE7, mai makunnin rage dB 20 da na yanke abin da ke ƙasa da Hz 80, wanda ke da amfani ƙwarai a gaban algaita. In kana duba takardar kowane iri, lambar ƙarar kan ta kasance ƙasa da 20. Farashi ba zan faɗa ba, yana bin dala. Jabu na yawo, don haka ka yi sharaɗin mayarwa kafin ka tura kuɗi.

Ranar da suka iso ka gwada su haka. Ka jera kawunansu kafaɗa da kafaɗa, Gain iri ɗaya, ka yi magana daga kamu biyu, ka naɗa kowanne a layinsa. A manhajar naɗa ka danna alamar Ø a layi ɗaya don juya shi. In biyun sun dace, murya za ta kusan ɓacewa. In ta tsaya da ƙarfinta, ɗaya ya sha bamban da ɗan'uwansa, ka mayar.

Yanzu inda aikin yake, wato wurin ajiye su. Gurmi: ka ja baya santimita 25 zuwa 30, ka auna mahaɗar sanda da ƙwarya, ba tsakiyar fata ba. In ka manna shi da fatar, sautin zai yi kauri ya toshe, domin makirfo mai ji ta gaba yana ƙara kauri duk lokacin da aka matso shi ƙasa da taƙi ɗaya. Garaya ma haka, sai dai ka juya kan makirfon ya bar ƙarfen da ke kaɗawa a ƙarshen sandar, in ba haka ba shi kaɗai za a ji. Goge daga sama ake ɗaukarsa, santimita 40 zuwa 50, a ɗan karkace, don kada kartar izga ta rufe daɗin. Sarewa kada ka sa ta saitin baki, iska ce zalla a nan. Ka auna tsakanin baki da yatsu, daga gefe.

Kalangu ya fi ba da wahala saboda makaɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matsa tsarkiya yana juya jiki. In ka matso da makirfo, sauti zai riƙa zuwa yana tafiya. Ka ba shi rabin mita, ka danna makunnin rage ƙarfi in akwai, ka sa alama a ƙasa inda zai tsaya. Ka ce ya buga iyakar ƙarfinsa tun a gwaji, domin makaɗi kan yi sanyi-sanyi a gwaji, in waƙa ta ɗau zafi ya saki hannu. Ka saita yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya tsakanin dB -12 da -6 a ma'aunin manhajar naɗa, kana naɗa a bit 24. In fitilar saun kad ta yi ja, sautin ya fashe, kuma ba manhajar da za ta ɗinke shi.

Ga 'yan amshi, a nan biyun suke biyan kuɗinsu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa kawunan wuri ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, su yi kusurwar digiri 90, mita ɗaya da rabi daga mutanen da suka tsaya kamar rabin da'ira. Wannan ba ya lalacewa in an saurara a lasifikar waya guda ɗaya, kuma a nan yawancin mutanenmu za su ji waƙar. In kana son faɗi, ka raba kawunan santimita 17, kusurwa digiri 110, salon da gidan rediyon Faransa ya fito da shi. Idan kuma kowane makirfo da abin da yake ɗauka, tazarar da ke tsakaninsu ta ninka sau uku tazarar kowanne da abin kiɗansa. In ka saɓa, sauti ɗaya zai isa gare su a lokuta daban, su cinye juna, ka ji kiɗa ya rame kamar daga cikin bututu.

Murya tana yiwuwa. Mawaƙi ya tsaya santimita 20 zuwa 30, makirfo a saitin hanci yana kallon baki daga sama, da ragar tare iskar baki a tsakani, yatsu huɗu daga kan makirfon. Soson da ke zuwa a akwati bai isa tare iskar b da f ba. In s da sh da ts suna yanka kunne, ka karkatar da shi kaɗan zuwa kumatu. Amma in mawaƙin zai riƙa waƙa kalangu na tashi a gefensa, makirfon hannu irin na dainamik, kamar SM58, a bakinsa ya fi, ka bar fensir ga kiɗa.

Ɗakin siminti da tayil yana mayar da amo, kuma makirfon nan ba ya ɓoye komai. Ka shimfiɗa darduma mai kauri, ka jingina katifa a bangon da ke bayan mawaƙi, domin can makirfon yake kallo. Fanka da na'urar sanyaya ɗaki a kashe su lokacin ɗauka. A zafin Afrilu na Sakkwato ka sanyaya ɗakin tukuna, ka naɗa minti goma, ka sake kunnawa. Janareta ya yi nisa, kuma in ka ji ƙugi a ƙarƙashin sautin, zare cajar laftof ka gani. In ƙugin ya ɗauke, daga wutar cajar yake, sai ka naɗa da batir.

Ƙurar hunturu ita ce ke kashe su a nan. Tana manne wa tantani, damina ta zo ta jiƙa ta, sai makirfo ya fara tsartsatsi ko ya riƙa ɗaukewa. Kada a bar shi a tsaye a buɗe, kada a hura shi da baki don gwaji, kada a goge cikinsa. Da an gama, a mayar akwati tare da ƙunshin ƙwayoyin shan laima irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. In ya riga ya fara tsartsatsin, ka rufe shi da ƙunshi uku ko huɗu a roba mai murfi kwana biyu kafin ka kai wa mai gyara.