Shin ana auna nisabin azurfa da nauyin dirakmar Girkawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina da azurfa giram 700 da na ajiye a matsayin jari, har ta shekara a hannuna. Na nemi lissafinta da dirhami a intanet, sai na tarar da wata manhaja mai juya giram zuwa ma'aunan kuɗin Girkawan dauri, ta nuna dirakma ɗaya giram 4.3 ce. Da na raba sai na samu kusan 163, bai kai dirhami 200 na nisabi ba. Tunda an ce daga dirakma dirhami ya samo asali, ke nan babu zakka a kaina?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, akwai zakka a kanka. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, ma'aunin da ka ɗauko ne ba na Shari'a ba.

Gaskiya ne dirakmar birnin Atina tana kai giram 4.3. Obol shida ke yin dirakma ɗaya, dirakma 100 ke yin mina, mina 60 kuma talanti, wajen kilo 26. Sanannen tsabar nan mai hoton mujiya dirakma huɗu ne, kimanin giram 17. Amma ko a tsakanin Girkawan ba a yi awo ɗaya ba, don dirakmar tsibirin Ejina ta haura giram 6. To wacce za ka ɗauka? Sunan dirakma ya bi ta hannun Farisawa ya iso ga Larabawa a matsayin dirhami, nauyin kuwa yana canzawa a hanya, kowace daula da nata bugun.

Shari'a ta ɗaure hukuncin ne da nauyin da aka sani a zamanin wahayi. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya ce awon nauyi na mutanen Makka ne, awon mudu kuma na mutanen Madina. A Buhari da Muslim kuma, daga Abu Sa'idil Khudri, babu zakka a ƙasa da uƙiya biyar ta azurfa. Uƙiya dirhami 40 ce, biyar ɗin sun zama 200. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ya san yadda Ibn Abi Zaid ya ƙayyade dirhamin da "awon bakwai", wato dirhami goma daidai suke da nauyin dinari bakwai. Ibn Khaldun ya hakaito ijma'i a kan haka, ya ƙiyasta dinari da ƙwayar sha'ir 72, dirhami kuma 50 da biyu bisa biyar.

Ƙwayar sha'ir takan bambanta daga gona zuwa gona, shi ya sa masu bincike na wannan zamani suka koma ga tsabar kanta. Dinarin da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira yana nan a gidajen adana kayan tarihi, an ɗora shi a sikeli an samu kusan giram 4.25. Bakwai bisa goma na wannan shi ne giram 2.975, nauyin dirhamin Shari'a ke nan. Nisabin azurfa ya zama giram 595, na zinare kuma, misƙali (wato nauyin dinari) 20, giram 85. Akwai malaman Indiya da Pakistan da suka ƙiyasta da tola, wani ma'aunin nauyi na ƙasashensu, suka samu kimanin giram 612 da 87 da rabi. Saɓani ne da ake girmamawa, sai dai ni na fi natsuwa da na farko, don ya jingina da abin da aka auna, kuma ya fi kare haƙƙin talaka.

Yanzu raba 700 ɗinka da 2.975, za ka samu dirhami 235 da 'yan kai. Ka wuce nisabi a kan duka ƙaulolin nan biyu. Abin da za ka fitar ɗaya bisa arba'in ne, wato giram 17.5 na azurfa, ko kuɗinsa a farashin ranar da za ka bayar. Ko da a ce azurfar mai hatimin 925 ce, wato kashi 925 cikin dubu ne zallar azurfa, tatacciyarta giram 647.5 ce, har yanzu tana sama da nisabi.

Duba irin ɓarnar da wancan lissafi zai jawo: dirakma 200 ta Atina giram 860 ce, ke nan duk mai azurfa tsakanin 595 da 860 zai kwana yana ganin babu komai a wuyansa. Haka za ka sake tuntuɓe idan ka ɗauki dirhamin Daular Usmaniyya mai giram 3.2, ko dirhamin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da na Maroko na yau, waɗanda sunan kuɗi ne kawai.

Juya giram zuwa obol ko mina don karatun tarihi halal ne, babu laifi ko kaɗan. Amma a zakka, da diyya, da mafi ƙarancin sadaki (rubu'in dinari a mazhabar Malik, zinare giram ɗaya da ɗan ɗori, ko dirhami uku, kusan giram 9 na azurfa), da ma'aunin Shari'a kaɗai ake aiki. In ka taɓa tsallake wata shekara saboda wannan kuskure, bashi ce a kanka, sai ka lissafa ka biya.

Wallahu a'alam.