Abin da ya sa muke fita ranar 9 ga Mayu

Yaya, na ga saƙonka a kan hoton da na turo, wanda nake tsaye da yara muna riƙe da jajayen furanni ranar 9 ga Mayu, ranar da ake tunawa da nasara a kan Jamus a nan Rasha. Ka ce ina ruwan Bahaushe da bikin yaƙin Turawa, ko dai mun rikiɗe mun zama Rashawa ne. Maganar ta sosa min rai, ba zan ɓoye maka ba.

Furannin nan na surukata ne, kakar yaran. Tana budurwa aka ɗauke ta aikin layin dogon Kirov, wanda ya haɗa birnin Murmansk da sauran ƙasar Rasha. Murmansk tana can ƙuryar arewa, amma tashar jiragen ruwanta ba ta daskarewa, don haka nan jiragen Ingila da Amurka suka riƙa sauke tankoki da abinci a yaƙin Hitila. Hanyar kwashe kayan kuwa ita ce wannan layi. A 1941 sojojin Finlan suka datse shi ta kudu, suka kama birnin Petrozavodsk da ke kan layin. Abin da ya cece shi sabon reshe ne daga Belomorsk zuwa Obozerskaya, ta nan taragai suka riƙa zagayawa su nufi Mosko.

Ita surukar tawa a wajen garin Kandalaksha take, kudu da Murmansk. Maza sun tafi fagen fama, aiki ya koma hannun mata da tsofaffi. Jiragen Jamus su yi ruwan bama-bamai, a fito a gyara layi. Amma takan ce guguwar dusar ƙanƙara ta fi ba ta tsoro, don bam yana faɗuwa ya wuce, ita kuwa sai ta kwana ta wuni tana binne dogo. A jera shingayen katako a gefen layi su tare ta, kafin gari ya waye ta shanye su, a tono su a sake kafawa. Wurin canjin layi shi ne babban aiki: ƙanƙara ta cushe tsakanin ƙarafa, dole a kankare da shebur da tsintsiya, cikin duhu, ba damar kunna fitila saboda jiragen sama. Ga shi a tsakiyar hunturu da ƙyar rana take leƙowa a can, a Murmansk sai a yi kwana 40 ba a gan ta ba. Yatsunta biyu na hannun hagu a nan sanyi ya cinye su. Da wannan hannun ta tuƙa min tuwon semo a farkon aurenmu, don kawai 'yarta ta gaya mata ina kewar gida.

To, in ce wa jikokinta kada su kai mata fure? Ka tuna kuma yaƙin nan ɗaya ne da wanda ya kai kakanninmu dajin Bama a runduna ta 81 da ta 82. Tsohon sojan nan na unguwarmu mai sa lambobinsa ranar Sallah, ai ba wanda ya ce ya bar Hausa.

Batun aure kuma, mu da muka zo karatu zamanin Sobiyet muka zauna, yawancinmu 'yan ƙasar muka aura, ba ma jin kunyar haka. An ɗaura nawa da sadaki da shaidu. Juma'a muna babban masallacin Santa Fitasbag tare da Tatar, wata ƙabilar Musulmi ta Rasha, waɗanda suka riƙe addini tun kafin a haifi kakanmu. Yara sunayen gida gare su, sun san su durƙusa su gaida babba, ko da yake harshensu yakan karye a kan ƙ da ɗ.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne idan mun zo gida, sai a riƙa ce musu 'yan Rasha, ana yi musu Turanci. Turancin ma ba su iya shi sosai ba. Don Allah ka gaya wa mutanen gida, in sun zo hutun bana a yi musu Hausa, in sun yi kuskure a gyara musu ba tare da dariya ba.